Ku Gwada Naman Kulu, Ko Ku Maido Mu Binne

Zuwa ga Farfesa, shugaban shirin binciken ƙwayoyin halittar cutar daji, wanda ma'aikatansa suka zo yankinmu karɓar tsokar marasa lafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi maka ban gajiya da aiki, ina kuma tambayar lafiyar iyali da ɗalibai da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara ilimi, ya sa ya amfani jama'a.

Ranka ya daɗe, sunana Umaru, mutumin Bakura, tsohon malamin gona. Ƙarfina duk a filayen noman rani na Bakolori ya ƙare, tsakanin manoman shinkafa da alkama da albasa. Kai ba ka san ni ba, amma ofishinka ya san ni sarai, domin makon jiya aka kawo mini takarda mai hatiminku har gida. A ciki an kira ni aboki na shirin, an yaba da gudummawar da na bayar a zagayen farko, sannan aka roƙe ni in sake shiga ƙauyukan Bakura da Maradun da Talata Mafara in yi wa mutane bayani, don za ku dawo karɓar tsoka zagaye na biyu. Wannan wasiƙa ita ce amsata. Na buɗe ta kowa ya karanta ne saboda waɗanda na rubuta a rufe ban taɓa jin ko an gan su ba.

Amsar a taƙaice ita ce ba zan je ba. Sai dai tun da ni ba mutumin da ke ƙin abu ba dalili ba ne, ga dalilaina.

Na farko, yadda na shiga wannan sha'ani.

Ina da yaya mace, Kulu, wadda ta goye ni ina jariri. Tana aure a Damaga, sana'arta turara shinkafa, kuma duk ranar Talata sai ka gan ta a kasuwar Mafara bayan buhunan guminta tana musu da masu awo. Damina uku da suka wuce ta kira ni gefe ta ce akwai wani ƙullutu a mamanta na hagu da ya ƙi tafiya. Ta daɗe tana ɓoye shi, kamar yadda matanmu suka saba, kuma ni ta zaɓa ta faɗa wa don ni ne ɗan bokon gidan. Na kai ta asibiti, aka duba, aka ce daji ne, kuma sai an cire maman gaba ɗaya.

Ranar da aka yi aikin, ina zaune a baranda sai wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini wata roba mai murfi, irin ta fenti, da ruwan magani a ciki. Ta ce abin da aka cire ke nan, asibitin ba su da wurin gwada shi, dangi ne ke kaiwa birni da kansu idan suna so. Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyi irin wannan ba, alhali ko mudun gero bai kai ba.

Farfesa, ka san a gidajenmu abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a yar da shi. Mabiyiyar jariri binne ta ake yi. Yatsan da injin casa ya guntule wa wani ɗan uwanmu, naɗe shi aka yi aka rufe. Don haka tun kafin a shiga da Kulu ɗakin aiki, mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta sa an haƙa rami bayan ɗakinta a Bakura, gindin dogon yaro, ta kuma yago farin ƙyalle ta ajiye. Ba ta yi shawara da kowa ba, don a wurinta wannan ba abin shawara ba ne.

Ina riƙe da robar nan likitanku ya same ni. Matashi ne mai ladabi, ba zan kama sunansa ba don ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani da Hausa tsaf. Ya ce cutar daji ba iri ɗaya ba ce. Mata biyu za su zo da ƙullutu iri ɗaya a ido, amma maganin da zai yi wa ɗaya aiki ba zai yi wa ɗayar komai ba, kuma bambancin yana rubuce can cikin ƙwayoyin halittar tsokar. Ya ce shirinku zai karanta wannan rubutu kyauta, a daskarar da wani yanki a na'urar sanyi, wani yankin a zuba shi cikin kaki irin na kyandir, kuma kafin azumi za a aiko wa likitan Kulu da sakamako ya zaɓa mata maganin da ya dace da ita ita kaɗai. Ya ƙara da cewa yawancin abin da aka sani game da wannan cuta a jikin mutanen wasu ƙasashe aka gano shi, namu ba a duba ba.

Nan take maganar ta shige ni, don aikina ke nan. Na yi shekaru ina ɗibar ƙasa a leda daga gona zuwa gona, ina faɗa wa manoma cewa takin da ya karɓi laka ta bakin madatsar ruwan Bakolori ba shi zai karɓi jigawar Damaga ba, sai an gwada. Da wannan misalin na je wa Inna. Ta saurare ni har na gama, tana jan carbinta, sannan ta ce, "Umaru, naman ɗiyata na, ba ƙasar gona ba ta. In sun ƙare dubawa su maido mani shi."

Ban tsaya nan ba, na je na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce idan don neman magani ne babu laifi, amma abin da ya rage a mutunta shi a rufe. Na koma wa likitanku da wannan sharaɗi, ya dafa ƙirji ya ce babu matsala ko kaɗan. Kulu ta dangwala yatsa daga kan gado, ni na sa hannu a matsayin shaida, aka saka robar a akwatin ƙanƙara aka tafi da ita. Bayan haka na shiga ƙauyuka da babur ɗina ina yi muku talla. Inda aka ce Turawa za a sayar wa naman mutane, ni na tsaya na rantse cewa ƙarya ce, na ce ga na yayata ma na bayar. Gidaje da dama sun yarda ne don sun ga fuskata, ba don sun ga hatiminku ba.

Na biyu, laifina, don kada a ce na zo wanke kaina.

Takardar da muka sa wa hannu da Turanci take, kuma ina jin Turanci. Can ƙasa akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe da ke cewa wannan bincike ne, ba lallai mai ba da tsoka ya amfana da kansa ba. Na ga layin. Na karanta shi sau biyu. Da na zo fassara wa Inna da Kulu sai na tsallake shi, saboda bakin likita ya faɗi wani abu dabam, kuma abin da baki ya faɗa shi nake so ya zama gaskiya. Wannan abu yana damuna har yau, kuma na faɗa wa Inna da kaina daga baya. Amma Farfesa, kada lauyan shirinku ya yi murna da wannan saɗara. Alkawarin da aka yi da Hausa a barandar asibiti shi mutanenmu suka ji suka dangwala yatsa, kuma babu inda takardar ta ce naman ya zama naku har abada.

Na uku, zirga-zirgar da na yi.

Azumi ya zo ya wuce, shiru. Likitan Kulu ya ce ba zai zauna jira ba, ya sa mata ruwan maganin nan mai zubar da gashi, wanda ake sa wa kowa idan ba a san irin cutar ba. Ta sha wuya, ta rame har zobenta ya riƙa zamewa, amma ta miƙe, har ta koma kasuwa.

Sau huɗu na zo ofishinku. Zuwan farko aka ce sinadaran gwajin ba su iso daga waje ba. Na biyu aka ce tallafin da masu ba da kuɗi suka ware ya ƙare, ana jiran sabo, aka ma leƙa da ni wani ɗaki na ga na'urar gwajin an lulluɓe ta da leda. Na uku na tambayi likitan nan matashi aka ce ya samu aiki a ƙasar waje. Na huɗu kuwa na tarar da wani ma'aikaci mai gaskiya, na tambaye shi ko na'urar sanyin ta tsira lokacin da aka daɗe ba wuta ba man janareta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya shiga gyara takardun teburinsa. Duk zuwan nan ban taɓa ganinka ba, kullum kana wajen taro. Kuma wanda ya san hanyar Damaga a shekarun nan ya san ba tafiya ce da mutum ke yi don nishaɗi ba, amma duk dawowata sai na bi na kai wa Kulu labarin da babu komai a cikinsa.

Ita dariya ma take mayar da abin. Takan ce mamanta ya riga ta shiga jami'a, kuma tun da ya shekara uku a can, ya kamata a ce ya kusa fitowa da digiri. Mata su yi ta dariya a tsakar gida, ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata.

Inna ba ta dariyar. Ramin nan ta hana a cike shi. Ta sa an rufe bakinsa da guntun kwano an danne da dutse, kuma duk damina idan ruwa ya zubar da gefensa sai ta sa a yashe. An yashe shi sau uku. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, iyaka idan na shigo gaishe ta da safe sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata, kuma wallahi na fi son ta zage ni.

Na huɗu, abin da na ji a rediyo.

Kwana kaɗan kafin takardarku ta iso, ina sauraren rediyo da hantsi na ji muryarka. Ka yi magana mai daɗi. Ka ce shirin ya samu ci gaba, an tara tsoka mai yawa daga yankunan karkara, har ka ambaci yankin Bakolori da baki, ka ce ganin wannan ƙoƙari ne ya sa masu tallafi suka amince da sabon kuɗi. Ka ce nan gaba kaɗan kowane mara lafiya zai samu magani daidai da jikinsa.

Na kashe rediyon na zauna ina juya maganar. Ashe naman Kulu bai zauna a banza ba. An ƙidaya shi, an rubuta shi a rahoto, ya tafi ƙasashen da ita ba za ta taɓa zuwa ba ya roƙo muku tallafi, kuma ya samo. Kowa ya yi wa aiki ban da mai shi. Ni a aikin gona, idan na ɗebi ƙasar manomi na ajiye a sito ban gwada ba, ba na rubuta wa shugabana cewa an samu ci gaba. Tara leda ba gwaji ba ne, kuma manomin zai tare ni a kasuwa ya tambaye ni.

Ban ce laifinka ne kai kaɗai ba. Na san bincike irin wannan yana cin kuɗi, na san hukumomin da ya kamata su riƙe shi sun bar ku kuna miƙa hannu waje, tallafi ya zo a yi aiki, ya yanke a lulluɓe na'ura. Wannan abin kunya ne a kan ƙasa baki ɗaya, kuma idan za ka fito ka faɗe shi a rediyo zan tsaya a bayanka. Amma ranar da kuɗi ya yanke, ba a buƙatar tallafin waje kafin a kira dangi a waya a ce musu ga halin da ake ciki, ku zo ku ɗauki abinku ku kai wani wuri. Lambata tana jikin takardar da muka sa wa hannu. Kun same ta da kuka tashi neman wanda zai yi muku talla.

Na biyar, halin da ake ciki yau, kuma wannan ne ya sa ba ni da sauran haƙuri.

Ciwon ya dawo. Tun bayan girbin shinkafa Kulu ta fara kukan baya, yanzu ko tukunyar turare ba ta iya saukewa, kuma hoto ya nuna abin ya taɓa ƙashi. Mun ɗauko ta daga Damaga, tana kwance a ɗakin Inna. Likitan da ke duba ta ya gaya mini gaskiya. Ya ce akwai irin wannan cuta da ƙwayar magani ta sha kullum ke riƙe ta shekaru, akwai wadda sai wata allura ta musamman, akwai kuma wadda duka biyun ba sa yi mata komai, kuma ba zai san wacce ce ta Kulu ba sai an gwada tsoka. Ɗibar sabuwa daga ƙashin baya a jikin da ya yi wannan rauni abu ne da yake tsoro. Hanya mai sauƙi, in ji shi, ita ce tsohuwar tsokar. Ko ba a yi zurfafan gwajinku na ƙwayoyin halitta ba, akwai ƙaramin gwaji da wasu ɗakunan bincike ke yi cikin kwanaki, in dai an ba su yankin da ke cikin kaki.

Shi ne kuma ya koya mini abin da ba a taɓa faɗa mini a ofishinku ba, cewa tsokar da aka zuba a kaki ba ruwanta da wutar lantarki, a durowa ake ajiye ta kuma tana shekaru. To, Farfesa, mu ɗauka na'urar sanyinku ta mutu, abin da ke ciki ya lalace. Ina kakin?

Da ban ba ku robar nan ba, da na hau mota na kai ta birni da kaina, da yau likita ya san abin da yake yaƙa da shi. Wannan tunanin nake kwana da shi nake tashi da shi, kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Ga abin da nake nema, ba roƙo nake yi ba, haƙƙi ne.

A rubuto mini, da sa hannunka ba na magatakarda ba, inda tsokar Kulu take da halin da take ciki. Idan yankin kakin yana nan, a miƙa shi ga likitanta ba tare da ɓata lokaci ba, ko ku gwada da kanku, tun da yanzu kuɗi ya zo kuma an yaye ledar. Kada a yanki naman kowa a zagaye na biyu sai an gama da na zagayen farko, domin Kulu ba ita kaɗai ba ce. Cikin matan da na shawo kan danginsu akwai waɗanda na riga na halarci jana'izarsu, kuma danginsu ba su daina tambayata ba.

Abin da ya rage bayan gwaji a mayar wa kowane gida nasa su rufe, kamar yadda aka yi alkawari. Idan kuma ya ɓata, ko an zubar, ko an ƙone shi da sharar asibiti, to kada a aiko mini da takarda. Ka zo Bakura da kanka, zan shimfiɗa maka tabarma, ka faɗa wa Inna da bakinka. Tsohuwa ce mai kawaici, ba za ta ɗaga maka murya ba.

Nan gaba kuma duk takardar da za a ba mutanenmu su dangwala wa yatsa a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a karanta ta da ƙarfi gaban dangi har da ƙananan baƙaƙen, don kada a sake samun wani Umaru da zai tsallake layi.

Har sai an yi waɗannan, ku cire sunana daga cikin abokan shirinku. Ba zan ce wa kowa kada ya ba da tsoka ba, domin har gobe na yarda da wannan bincike, kuma ina so jikokinmu su samu maganin da aka auna da jikinsu. Amma duk wanda ya tambaye ni, a masallaci ko a bakin madatsa ko ranar Talata a kasuwa inda rumfar Kulu take a rufe, zan ba shi labarin nan tun daga roba har zuwa rami, ba ƙari ba ragi. Ku zo ku yi tallan da kanku bayan na gama.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare iyalinka daga wannan cuta, ya sa binciken da ka ba rayuwarka ya kai ga gaci a hannunka. Allah ya ba ka ikon sauke amanar da ke cikin durowoyin ofishinka tun masu ita suna da rai.

Ranar Litinin ta sama zan zo, zuwa na biyar, kuma ba zan tashi daga bencin ƙofarka ba sai na gan ka. Jiya Inna ta buɗe adakarta ta ciro farin ƙyallen nan ta ba ni, har ya fara yin ja a wurin ninki. Zan zo da shi a aljihu. Ƙarami ne, Farfesa, kamu biyu ne kacal, kuma ina so in yi amfani da shi kafin a aike ni kasuwa auno babban.

Wassalam, daga wanda ya sa hannu a matsayin shaida,

Umaru Malamin Gona,
ƙanen Kulu,
Bakura.